Yadda na rage asarar faifan zirkoniya wajen sassaƙa haƙora

Matsalar ita ce faifan zirkoniya (farin abu mai tauri da ake sassaƙa haƙoran roba da shi) mai faɗin milimita 98 yana ƙarewa alhali kusan rabinsa ramuka ne da guntaye. Injin lafiyarsa lau, laifin daga yadda ake jera haƙoran a kan faifan ne a manhajar CAM, wadda ke tsara wa injin yadda zai sassaƙa.

Na daina sassaƙa aiki da zarar ya shigo. Yanzu ina tara ayyuka bisa launi da tsayi, don hular haƙori (murfin da ake sa wa haƙori ɗaya) gajeriya a faifai mai kaurin milimita 18 ɓarna ce, na 12 ko 14 ya ishe ta. Kada dai a manta zirkoniya tana tsukewa kusan kashi 20 cikin ɗari a tanda, saboda haka a auna tsayin bayan manhaja ta ƙara girman. In injin mai motsi ta fuskoki biyar ne (5-axis), ɗan karkatar da haƙorin kan sa ya shiga siririn faifai, amma a faifai mai launi hawa-hawa wannan yana ɓata launin.

Gada, wato haƙora da yawa a haɗe, nake fara sawa, a gefe, inda lanƙwasarta ta bi da'irar faifan, sannan hulunan su cike tsakiya. Tazara tsakaninsu ta ɗan zarce kaurin babban bakin sassaƙa, yawanci milimita 2 ko 2.5. In an matse fiye da haka, bakin zai cinye sandar da ke riƙe haƙorin da ke maƙwabtaka a jikin faifan, haƙori ya faɗo tsakiyar aiki. Sanduna uku ga kowace hula, nesa da bakin dasashi da inda haƙora ke haɗuwa.

Ragowar faifai kuwa, a rubuta masa lamba, a adana taswirarsa a manhaja, a mayar da shi kan alamar da aka cire shi. Ya juya ko kaɗan, injin zai sassaƙa cikin tsohon rami.