Idan za ka gidan abincin 'yan Labanan, kada ka tafi kai kaɗai

Nemi abokan tafiya tukuna, mutum huɗu ko biyar. Abincin 'yan Labanan ba a tsara shi don kowa ya rungumi farantinsa ba. Ƙananan kwanuka ake jerawa a tsakiyar tebur, kowa ya miƙa hannu, su suna ce wa wannan jeri meza. Wanda ya je shi kaɗai ya ce a ba shi shinkafa da kaza zai biya kuɗi mai tsoka, ya fito yana cewa ai gara ta gida. Kuma gaskiyarsa, don ba nan gwanintarsu take ba.

Mu a Kano mutanen nan ba baƙi ba ne. Tun bayan da layin dogo ya iso a 1911 suka fara yawa, suna cinikin gyaɗa da yadi, ga titin Beirut da titin Lebanon nan har gobe da sunayensu. Duk da wannan daɗewa, yawancinmu shawarma kaɗai muka sani, ita ma wadda ake sayarwa a bakin titi, mai kabeji da mayonis, ba irin tasu ba ce. Gidajen abincinsu na sosai sun fi yawa a wajen Nasarawa da Bompai. A Abuja ka duba Wuse 2 da Maitama, a Legas kuma Victoria Island.

Da kun zauna za a kawo gurasa, galibi da zaitun da kayan tsami. Idan gidan na da tanda, gurasar za ta zo a kumbure, da ka yaga ta tururi ya buso maka yatsu. Ita ce cokalinka. Ka yagi ɗan ƙarami, ka lanƙwasa shi tsakanin yatsu uku, ka ɗebo. Ba a tsoma gefen da aka riga aka gutsura a kwanon da kowa ke ci. Ka kuma yi hattara da ita, don masu cika ciki da gurasa tun farko su ne ke zuba wa nama ido idan ya iso. Wani abu ja-ja da za ka gani cikin kayan tsamin ba nama ba ne, wani tushe ne da aka jiƙa a ruwan gishiri da tsami. A ci shi kaɗan-kaɗan tare da abu mai maiƙo.

Ga yadda nake yin oda idan mu biyar ne. Cikin masu sanyi, hummus dole ne: wani wake mai zagaye ake dafawa ya yi lugub, a niƙa shi da riɗi da tafarnuwa da lemon tsami, a shafa a kwano a yi masa rami a tsakiya a zuba man zaitun. Da shi nake auna gida. Idan ya zo da laushi, ba gudaji, ba sanyin firji, to akwai mai hannu a kicin. Idan ya zo a daskare da ɓawo a sama, na san tun jiya yake, sai in rage buri a kan sauran. Na biyu mutabbal, wanda wasu gidajen ke rubutawa baba ganuj. Babban baƙin gauta ake gasawa a kan wuta har fatarsa ta ƙone, a kwashe cikin a dama da riɗi. Ƙaurin hayaƙin da za ka ji da gangan ne, kada ka mayar da shi ka ce ya ƙone. Sai salak guda ɗaya. Tabbule kusan duk yankakken ganyen faski ne da na'a-na'a da tumatir da 'yar ɓarzajjiyar alkama, ga tsami sosai. Fattush kuwa latas ne da kokwamba da tumatir da gutsattsarin soyayyar gurasa, da wani jan gari mai tsami da ake kira sumak. Wanda bai saba ba, fattush ya fi saurin shiga ransa.

Cikin masu zafi, falafel ya fi sauƙin sabo, don ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai ya fi shi tauri da ƙamshin ganye. Kibbe kuma niƙaƙƙen nama ne da alkama, a mulmula shi mai tsini biyu, a cusa masa wani naman da albasa a ciki a soya. A nan ka buɗe ido: idan ka ga an rubuta kibbe nayye, ɗanyen nama ne, ba a dafa ba, ba a gasa ba. A Labanan abin alfahari ne, daga mahauci zuwa tebur. Ni dai a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wutar lantarki kuma sai ta ga dama, ba na ci, ba na kuma ba wa baƙona.

Kwano biyar ko shida sun isa. Ka ce wa mai kawo abincin ya dakata da naman sai kun yi nisa, in ba haka ba a jibge muku komai lokaci guda, gasasshen nama ya huce kuna kan salak. Idan lokacinsa ya yi, babban tire ɗaya na gashi iri-iri ya wadatar: shish tawuk, wato tsokar kaza da ta kwana cikin kindirmo da tafarnuwa da lemon tsami, da kafta, niƙaƙƙen nama da albasa da faski a jikin tsinke, da yankan naman rago. Gurasar da ke ƙarƙashin naman, wadda ta sha romo, kada a bari a kwashe ta da tiren. Farin abin da ke gefen kazar sunansa tum. Ba mayonis ba ne, tafarnuwa ce zalla aka buga da mai da gishiri da lemon tsami. Daɗi kam akwai, amma idan kana da zama da surukai da yamma, ka san adadin da za ka lasa.

Maganar yaji fa. Babu shi. Girkinsu ya dogara ne da tsami da tafarnuwa da man zaitun da kirfa, ba da attarugu ba. Ranar da muka kai Goggo, ta ɗanɗana wannan ta ɗanɗana wancan, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mai girkin nan ba shi da lafiya ne?" Na roƙa mata daƙaƙƙen barkono, aka kawo a ɗan kwano, nan take ta shirya da kafta. Yawancin ma'aikatan 'yan ƙasa ne, sun san halinmu, da ka tambaya za su kawo. Shawarata dai ka fara ɗanɗanawa yadda aka yi shi kafin ka barbaɗa.

Abin sha, ka nemi lemon tsami da na'a-na'a, ko jallab idan suna da shi, wanda ake haɗawa da dabino da inabi da ruwan wardi. 'Yan Labanan akwai Musulmi akwai Kirista, saboda haka a Abuja da Legas za ka tarar da gidajen da ke sayar da giya. Wani ruwa garai-garai da ke komawa fari idan an zuba masa ruwa da ƙanƙara, shi ne arak, giya ce mai ƙarfi. Tambayar ko akwai giya ko naman alade a cikin abu ba abin kunya ba ne, sun saba jin ta. Idan da iyali kake, ka ce a ba ku waje a ciki, nesa da masu shisha.

Bayan nama kada ku yi gaggawar tashi. A kawo kayan zaƙinsu, baƙlawa, ko kunafa da zafinta, cuku na miƙewa idan an yanka, faranti ɗaya ya ishi mutum biyu saboda zaƙi. Gahawarsu a ɗan mitsitsin kofi take zuwa, baƙa wuluk. A kurɓa a hankali, a bar tukar da ta kwanta a ƙasa.

Farashin da ke jikin takarda ba shi ne ƙarshe ba. Za a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wasu gidajen su ƙara kuɗin hidima, don haka ka duba ƙasan takardar tun kafin oda, ka sake duba lissafin kafin ka miƙa kati. An taɓa sa mana kuɗin ruwan gora biyu da ba mu buɗe ba, da na nuna aka cire ba gardama. Ko da an rubuta kuɗin hidima, ina damƙa wa yaron da ya yi mana ɗawainiya nasa a hannu. Abin da ya rage a ce a ƙunshe muku. Hummus da nama za su kai gobe a firji, amma fattush ku cinye shi a wurin, don kafin ku isa gida gurasar cikinsa ta jiƙe.