Yadda za ki taimaki yaro mai galahanga ya san kansa

Tambayar da iyaye suka fi ɓata lokaci a kanta ita ce "Me ke damunka?" Na yi wa ɗana ita shekara da shekaru a nan Gusau, ko dai ya sunkuyar da kai, ko ya maimaita mini tambayar. Na ɗauka taurin kai ne, ashe shi ma bai sani ba. Kusan rabin masu galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suna shan wahalar gane abin da ke ransu balle su sa masa suna. Da yawansu ko saƙon jiki irin yunwa da ƙishirwa da fitsari ba ya isa gare su da wuri.

Ba zan tsaya kan zuwa asibiti ba. Na ɗauka kin riga kin kai shi an duba, ko a asibitin tarayya na Gusau ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware a Sakkwato.

Matakin farko, fara da jiki, ki bar zuciya tukuna. A nan na faɗi. Na sayi katunan hotunan fuska, mai dariya, mai kuka, mai fushi, muka kwashe wata uku a kansu. Ya haddace su tas. Amma ko ransa a ɓace yake, mai dariyar yake nuna mini, don ya lura ita ce ke faranta mini rai. Kuɗina suka tafi a banza, kada ki saya.

Abin da ya yi aiki kyauta ne. A zafin watan Afrilu, in ya dawo makaranta sai ya yi jifa da takalmi, ya buga ƙyaure. Na daɗe ina kiran wannan rashin kunya, ashe ƙishirwa ce. Sai na riƙa ɗebo ruwan randa a moɗa, kafin ya sha in ce, "Taɓa leɓenka. Ya bushe? To, sunan wannan ƙishirwa." In ya sha, in ce, "Sake taɓawa." Kullum haka, kalmomin nan dai ba canji. Saƙo ɗaya za ki riƙe na sati biyu aƙalla, sannan ki koma kan yunwa, sannan bugun zuciya: ya yi gudu a tsakar gida, ya ɗora hannu a ƙirji. Daga bugun zuciyar nan ne za ki ɓulla zuwa tsoro da fushi. Kuma kada ki koyar da shi yana tsakiyar birkicewa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Shafi ɗaya "abin da ke mini daɗi", ɗayan "abin da ke takura mini". Shi zai faɗa ko ya zana. Ɗana ya sa injin markaɗe da janaretan maƙwabta a gefen takura, ƙirga Keke Napep a gefen daɗi. Har yawon Sallah ya sa a takura, na haɗiye na rubuta. In kika gyara masa, littafinki ya zama. Idan yana cewa "kana son ruwa" alhali "ina son ruwa" yake nufi, ba sabon abu ba ne, wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner ya bayyana haka tun 1943. Ki faɗa masa jimlar yadda shi zai faɗe ta, ya bi bakinki.

Na uku, ki gaya masa sunan abin kafin unguwa ta raɗa masa nata, gaula ko mai aljanu. A wurina kada ya wuce shekara 10. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, ki ce ƙwaƙwalwarsa tana aiki ta wata hanya dabam, shi ya sa yake jin ƙara fiye da kowa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga.

Sauran sai sannu a hankali. Ki daina hana shi kaɗa hannu, ki daina tilasta masa kallon ido. Ki koya masa jimla ɗaya da zai yi amfani da ita a waje. Tamu ita ce, "Malam, ƙarar ta yi mini yawa, in fita kaɗan?" Ki riga shi zuwa wurin malamin Islamiyyar ki yi masa bayani, don kada ranar da ya fara faɗa a ce masa ya zauna.