Mai bakwaini, ki riƙa duba cikin idon jaririnki

'Yan uwa mata na Garwa da kewaye, ga abin da na koya game da ƙarancin jini da ɗana bakwaini.

Kowace safiya ki fito da shi bakin ƙofa, inda haske yake.
Ki ja fatar idonsa ta ƙasa a hankali, ki leƙa ciki. Ki duba dasashi da tafin hannu.
In ja ne, alhamdulillahi. In ya yi fari-fari, mai yiwuwa jini ya yi ƙasa.

Jariri yana tara yawancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, a watanni ukun ƙarshe na ciki. Bakwaini bai samu duk wannan ajiyar ba, kuma jininsa kan sauka sosai tsakanin mako 4 zuwa 8 bayan haihuwa.

Nawa da nono ya fara nuna min. Ya tsotsa kaɗan, ya saki, ya hau barci. Na ɗauka lalaci ne, ashe gajiya ce.

Da dare kar ki yarda da hasken fitila, yana ruɗi. Kuma ido ba ya maye gurbin gwajin jini.
In numfashi ya kai 60 a minti ɗaya, ko yana ɗaukewa, ki tafi asibiti nan take.
Don Allah kar ki sayo maganin ƙarin jini a kasuwa, ki bari likita ya rubuta gwargwadon nauyinsa.