Yadda Sabon Zuwa Ingila Zai Tsara Kuɗin Zamansa

Kafin ka sauka a Ingila, ka tanadi abin da zai riƙe ka aƙalla wata biyu, domin haya ce ke cinye kaso mafi tsoka na albashi, musamman a Landan. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya, amma tun 2019 doka ta hana ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje. Ka tambaya ko kuɗin wuta da gas suna cikin hayar, saboda ɗumama ɗaki lokacin sanyi yana da tsada ƙwarai, kuma a nan ne baƙi da yawa suke shan mamaki. Akwai kuma harajin ƙaramar hukuma, wanda ake yafe wa gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci. Cefane kuwa, ka yi shi a manyan kantuna masu sauƙin farashi irin su Aldi ko Lidl, ka riƙa girki da kanka.