Zuwa Al-Ula Jin Kiɗa: Kurakuran da Aka Fi Yi

Yawancin mutanenmu na Madina da Jidda suna ɗaukar Al-Ula wuri ɗaya ne: a ajiye mota, a zaga tsohon gari da ƙafa, a leƙa kaburburan dutse, da dare a shiga zauren waƙa. Ba haka take ba. Kwari ne dogo, wuraren kuma a warwatse suke. Hijir, wato Mada'in Salih, inda kaburburan dutsen suke, tana arewa da gari da kimanin kilomita 22. Zauren waƙar, mai suna Maraya, yana can cikin kwarin Ashar. Filin jirgi kuma yana kudu, tafiyar kusan rabin awa a mota. Kusan kowannensu da tikitinsa da lokacinsa.

Saboda haka a fara da ranar wasa, sauran shiri ya biyo baya. Ba kullum ake kiɗa a Al-Ula ba. Manyan wasanni sun fi yawa a lokacin sanyi, musamman a bikin Tantora da aka fara a Disamba 2018, kuma galibi a ƙarshen mako suke faɗowa. Maraya kujera 500 kacal gare shi, tikiti ba ya daɗewa. A saya a shafin intanet na Experience AlUla, sannan a kama masauki, sannan a nemi mota ko jirgi. Wanda ya juya wannan tsari shi ne ke biyan ɗaki mai tsada ya kwana bai ji ko karan garaya ba. A kuma karanta ƙa'idar shekaru kafin a biya, domin wasu wasannin ba a shiga da ƙananan yara, kuma a bakin ƙofa roƙo ba ya aiki.

Wasu kan ce, to, ko ba tikiti sai mu je mu ɗauki hoton ginin Maraya, tunda an lulluɓe shi da madubi mai faɗin murabba'in mita 9,740. Akwai shinge a mashigar kwarin, ana tambayar shaidar rajista. Ba ka da ita, sai ka juya.

Sai batun hanya. Jirgin ƙasan Haramain a Madina yake tsayawa. Daga nan akwai sama da kilomita 300, kusan awa 4 a mota. A tashi bayan Asuba, a cika tanki tun daga Madina, iƙama, wato katin izinin zama, tana aljihu. Babban ganganci shi ne a fito daga wasa da tsakar dare a ce za a kama hanyar gida: ga barci, ga duhu, ga raƙuman da kan ratsa titi. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya bai kai wannan kasadar ba.

Wanda ya saba da sanyin Jidda bai san sanyi ba. A Disamba da Janairu rana na da daɗi, amma da zarar ta faɗi bayan duwatsu iska sai ta juya, dare kuma yakan sauko ƙasa da digiri 10. Jallabiya ko abaya mara kauri ba ta isa ba, balle idan wasan a fili ne ko an zauna shan gahawa a gindin Jabalul Fil, dutsen nan mai siffar giwa. A zo da farwa, wato alkyabbar sanyi ta Larabawa, ko jaket mai nauyi, da safa, da hula ga yara. Takalmi kuma rufaffe, saboda rairayi da tsakuwa.

A tsohon gari kuskuren lokaci ake yi. Ana zuwa da azahar, a tarar da rabin shaguna a rufe, a ce ba komai a wurin. Bayan La'asar yake farkawa. Ba a shiga da mota; a bar ta a wurin ajiya. Gidajen laka ne wajen 900 manne da juna, bangon wannan shi ne bangon wancan, har suka zama wa garin ganuwa, kuma akwai mutane a ciki har zuwa shekarun 1980. A hau tsohon ginin tsaro na Musa bin Nusair da ke kan dutse kafin Magariba, a ga rufin gidajen a ƙasa da dabino shimfiɗe a gefe. A nemi Tantora kanta, da yawa suna wuce ta ba su sani ba: ɗan gini ne mai tsini wanda manoma ke duba inuwarsa su san shigowar sanyi da rabon ruwan gona. Daga gare ta bikin ya samo suna.

Hijir ita ce ke kawo gardama a cikin mota. Wuri ne na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 2008, da kaburbura sama da 100 da Nabatawa, wata al'umma ta zamanin da, suka sassaƙa a jikin dutse. Kuma ita ce wurin da hadisin gargaɗi kan shiga gidajen mutanen da aka halaka ya zo a kansa, lokacin da Annabi (SAW) ya ratsa ta a hanyar Tabuka. Akwai dattawan da ba za su shiga ba, kamar yadda akwai waɗanda ba za su zauna wurin kiɗa ba. A tambayi Baba da Hajiya tun a gida, kafin a sayi tikiti. Wanda ba ya so, yana da gonakin dabino da lemo da kasuwar tsohon gari.

Masu zuwa kuwa su sani ba a shiga Hijir da motar kai yadda aka ga dama. Bas na tashi daga tashar da ake kira Winter Park a kan lokacin da ke jikin tikiti, zagayen yana cin kusan awa 2. A ɗauki na safe, kada a haɗa na yamma da daren wasa, don tsakanin dawowa da sallah da sauya kaya sai a tarar an rufe ƙofar zaure.