Darasi na 9: Ina Ɗakinka Ya Fuskanta?

A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Duk da haka, a gida ɗaya za ka tarar da ɗakin da ake iya kwana a ciki, na kusa da shi kuwa sai an fito da tabarma tsakar gida. Bulo iri ɗaya ne, magini ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne inda kowanne ya fuskanta.

Da tsakar rana, rufi rana take duka. Daga la'asar sai ta sunkuyo ta doki bangon yamma kai tsaye, a lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Bulon siminti yakan sha wannan zafi ya riƙe, sai dare ya yi ya dinga sakinsa cikin ɗaki. Bayan sallar isha'i ka ɗora tafin hannunka a bangon yamma, sannan ka taɓa na arewa, za ka ji bambanci. Mai irin wannan ɗaki fankarsa ba ta hutawa, kuɗin mita na ta tafiya, in an ɗauke wuta kuma yara su kwana kuka, ga ƙurajen zafi.

Don haka kafin a haƙa tushe, ka tsaya da magini a filin. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa. A nan za a sa tagogi, wannan na kallon wancan, iska ta shiga ta fita. Na arewa a yi musu murfi mai kyau saboda ƙurar hunturu. Gefen yamma a bar wa sito da banɗaki, kada a kai ɗakin kwana can, musamman na uwargida da yara, tunda su ke wuni a gida. In filinka yamma yake kallo, zaure ya tare maka rana, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Wanda ya riga ya gina ma yana da abin yi. Ya kafa rumfa a jikin bangon yamma, ya dasa dogon yaro ɗan nesa da tushe, ya sa silin a ƙarƙashin kwano, ya shafa wa bangon farin fenti.

Hukuma ma ta san da wannan. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, inda ake ba gini taurari daga 1 zuwa 5. Gwargwadon ƙarancin wutar da gini ke ci, gwargwadon taurarinsa. Cikin abubuwan da ake dubawa akwai girman tagogi, da inuwar da aka yi musu, da abin da ke tare zafin rufi.

Aikin gida: Zana gidanku a littafinka. Rubuta gabas, yamma, kudu da arewa a gefunansa. Sa alama a ɗakin da ya fi zafi da dare, ka rubuta jimla biyu kan abin da za ka yi masa kafin bazara.