Yadda nake gwada idon kyamara kafin in biya kuɗi

Ranar da na fara fita aiki da ido mai lamba 50mm, wani gidan biki ne a unguwar Zariya. Aka ce in shiga ɗakin amarya in ɗauke ta da ƙawayenta. Na ja baya, na ƙara ja, har ƙeyata ta bugi bango, amma abin da kyamara ke gani amarya ce da rabin kafaɗar ƙawa guda. Wata gwaggo daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, hoto ka zo ɗauka ko kokawa da bango?"

Idon bai yi laifi ba, ni ne ban yi lissafi ba. Kyamarata Canon 700D ce, allon da ke kama haske a cikinta ƙarami ne, don haka duk lambar da ke jikin ido sai ka ninka ta da 1.6. Wato 50 ta koma 80, kuma duk sanda lambar ta ƙaru, filin da kyamara ke gani raguwa yake. Masu Nikon irin D3200 ko D5300 da 1.5 za su ninka. Ka yi wannan lissafi tun kana gida, sannan ka tambayi kanka inda ka fi aiki: ɗaki, tsakar gida ko fili.

Ido marar zum irin 50mm ɗin nan, wato wanda ba ya jawo abu kusa ko nesa, ƙafarka ce zum ɗinsa. Me ya sa muke haƙuri da shi? Haske. Idon 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara, in ka zuƙo shi ƙarshe, ƙofarsa ta shigar haske ba ta wuce f/5.6 (ƙaramar lambar f ita ce babbar ƙofa). Na 50mm kuwa yana buɗewa har f/1.8, hasken da yake sha ya kusan ninka wancan sau goma. Bayan magariba, wuta ta ɗauke, fitilar caji guda a rataye, shi ne ke fitar da kai kunya. Yana kuma narkar da baya, igiyar shanya da tukwane su ɓace, fuska ta fito ita kaɗai. Sai dai kada daɗi ya kwashe ka. A f/1.8, in mutane suka yi sahu biyu, na baya dishi-dishi za su fito. Ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6. Don aikin ɗaki, ni yanzu ɗan siririn nan 24mm f/2.8 nake ɗaurawa, wanda a kyamarata yake kamar 38.

Ido mai faɗi irin 10-18mm na hawan sallah ne a ƙofar fada, ko filin kokawa in kana son ƴan kallo su shigo gaba ɗaya. Aibinsa yana gefe. Duk wadda ta tsaya a ƙarshen sahu sai ya buɗa ta, ta fito da ƙibar da ba tata ba, kuma wallahi ba za ta karɓi hoton ba. Ka tara mutane tsakiya, ka bar fili dama da hagu. In ka ɗaga bakin kyamara sama, gini ya karkata kamar zai kwanta.

Yawancin abin da ke zuwa hannunmu na hannu ne, saboda haka kada ka tafi saye ba tare da kyamararka ba. Ka cire murfi biyun, ka kunna tocilan wayarka, ka haska ta baya kana leƙe ta gaba a karkace. Ƴar ƙura ba komai, babu idon da ya kwana Maraɗi bai sha ta ba. Abin gudu shi ne farin zare-zare kamar saƙar gizo. Fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a garuruwan raɓa irin Kwatano da Lome, kuma tana cin fuskar gilashi. In ka gan ta, ka ajiye, ko nawa aka rage maka. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa.

Daga nan ka liƙa takardar jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka ɗauka da ƙofa a buɗe, ka sake a f/8. Ka faɗaɗa hoton, ka duba tsakiya da kusurwa huɗu. In dukansu sun ɗan yi laushi iri ɗaya, halin ido ne. In gefe guda ne kaɗai ya dushe, idon ya taɓa faɗuwa, ko da mai shi ya rantse.

Masu Nikon ku lura da harafin ƙarshe. 50mm f/1.8D ba ya saita kansa a kan D3200 da danginta, sai ka juya da hannu. Mai G za ka nema. Na Canon mai EF-S kuma ba ya hawa kyamarar 5D ko 6D.

Sauran ƙura. Mai ido marar zum kullum cikin cirewa da ɗaurawa yake, kuma a hunturu duk buɗewa gayyata ce. Ni nakan shiga zaure, in kashe kyamara, in kifa bakinta ƙasa, sabon idon na hannu a shirye. Duk ƙarshen mako ina ɗaukar sararin sama a f/22 in ƙirga ɗigon da suka sauka kan allon. Makon da ya wuce bakwai na samu.